Sugan maigidana yana faɗuwa kuma ba shi da ciwon suga: amsa a kan ƙarin insulinoma

"Assalamu alaikum Likita. Dan Allah ina neman shawara a kan maigidana. Shekarunsa 41, tela ne, muna zaune a Anguwar Rogo a nan Jos. Kusan shekara biyu kenan da asuba sai ya tashi jiƙe da zufa duk sanyin garin nan, yana kallona kamar bai san ni ba, wani lokacin ya yi ta surutai ko ya kama jijjiga. An yi ruƙiya har an gaji, an kuma ɗora shi a kan maganin farfaɗiya, ba canji. A azumin da ya wuce sau uku yana faɗuwa kafin la'asar. Abin da na lura, in na ba shi shayi mai suga ko lemon kwalba cikin minti goma sai ya dawo daidai, kuma ya yi ƙiba sosai. Ranar nan maƙwabciyarmu nas ce ta gwada shi da na'urarta yana cikin abin, ta ga 2.1. Ba shi da ciwon suga kuma ba ya shan maganinsa. Likitan da muka gani ya ce yana zargin wani ƙari a fankiriyas wai shi insulinoma. Kansa ce? Ana warkewa? Me za mu fara yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma Allah ya ba ki ladan jinya. In na fahimce ki da kyau, so kike ki san ko da gaske ƙari ne ke janyo wannan faɗuwar sugan, in kuma ƙarin ne shin kansa ce, sannan ta ina za ku kama. Ni a ɓangaren ciwon suga da sauran cututtukan sinadaran jiki nake aiki, ban ga maigidanki ba ban taɓa shi ba, saboda haka ba zan yanke miki cewa insulinoma ce daga saƙo ba. Amma gaskiya labarin da kika bayar ya yi kama da ita ƙwarai, kuma likitan da ya yi wannan zargin ya yi tunani mai kyau, ki riƙe shi.

Abin da kika lura da shi da kanki, wato shayi mai suga na dawo da shi cikin minti goma, a wannan matakin ya fi min kowane sikanin amfani. Wani likitan fiɗa na Amurka mai suna Allen Whipple tun 1938 ya tsara sharuɗɗa uku da har yau da su muke aiki: mutum ya nuna alamun faɗuwar suga, a gwada a daidai lokacin a ga sugan a ƙasa, a ba shi suga alamun su tafi. Ke da maƙwabciyarki kun riga kun haɗa ukun nan a ɗaki ba tare da kun sani ba, saura a tabbatar da su a asibiti yadda ya kamata.

Fankiriyas ɗin ma mene ne

Mutane da yawa in na ce fankiriyas sai su ce saifa ko madaciya, toh ba ko ɗaya a ciki. Wata gaɓa ce daban, doguwa mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance can a bayan tumbi ta gitta ƙashin baya, kanta na jingine da farkon ƙaramin hanji, wutsiyarta kuma na taɓa saifa ta hagu. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi. Amma a warwatse a cikinta akwai wasu 'yan tsibirai na ƙwayoyin halitta da ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinta ba, su ne ke yin insulin.

Aikin insulin shi ne kwashe suga daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da kitse, ya kuma hana hanta sakin wanda ta ajiye. Ki ɗauki hanta kamar rumbu. Lafiyayyen mutum in ya kwana bai ci ba, ko ya ɗauki azumi, fankiriyas sai ta rage insulin sosai, hanta ta buɗe rumbunta tana sakin suga kaɗan kaɗan, shi ya sa muke kai wa magariba lafiya lau. Insulinoma ɗan tsiro ne daga waɗancan ƙwayoyin da ya daina jin magana, ko sugan jini ya sauka shi zuba insulin kawai yake, rumbun ya ci gaba da zama a kulle. Ƙwaƙwalwa kuwa kusan da suga kaɗai take aiki kuma ba ta da ajiya. Shi ya sa abin ke zuwa da asuba bayan dogon dare, ko wajen la'asar a azumi, ko bayan aikin ƙarfi. Zufar nan da karkarwa da bugun zuciya jiki ne ke ihun neman taimako, surutai da gani bibbiyu da rashin gane mutane da jijjiga kuma ƙwaƙwalwa ce ta rasa abinci. Ƙibar ma daga nan take, mutum ya gano cewa in ya ci yana jin daɗi sai ya dinga ci a kai a kai har da tsakar dare, ga insulin ɗin kuma na tara kitse.

Ban ga laifinku ba da kuka fara da ruƙiya, duk wanda ya ga mijinta na kallonta kamar baƙuwa da asuba hankalinsa can zai fara tafiya. Kuma mu ma likitoci ciwon nan na ruɗa mu, domin a cikin mutum miliyan ɗaya bai wuce 1 zuwa 4 ke samunsa a shekara ba, likita zai iya gama aikinsa har ritaya bai ga ko ɗaya ba. Na taɓa ganin wata baiwar Allah, malamar firamare, da ta yi shekaru tana shan maganin farfaɗiya daga wani asibiti, an ƙara mata wani an canza wani, har mijinta ya fara tunanin asibitin masu taɓin hankali. Ranar da ta zo wurinmu na ga jakarta cike da alawa da dabino, na ce Malama duk wannan na yara ne? Ta ce a'a Likita nawa ne, in na ji abin zai taso na tsotsi ɗaya sai ya lafa. Wannan maganar ce ta sa muka kwantar da ita muka bi sugan, ba wanda ya taɓa gwada ta tana cikin abin sai ranar.

Kafin a ɗora wa ƙari laifi

Akwai abubuwan da suka fi insulinoma yawa nesa ba kusa ba, kuma dole a kore su tukunna. Na farko magani. Ko da ba ya shan maganin suga da saninsa, ki duba ko akwai mai ciwon suga a gidan da kwalaben maganinsu ke haɗuwa, ko kemis ya taɓa haɗa masa ƙwayoyi a leda ba suna. Maganin nan gilibenkilamayid, wanda aka fi sani da Daonil, yana sa fankiriyas ta zuba insulin kuma a gwajin jini kamanninsa ɗaya da insulinoma sak. Sannan, ki yi haƙuri da wannan, ki tambaye shi cikin hikima ko yana shan haɗe-haɗen gargajiya ko irin magungunan maza da ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa. A Singafo a 2008 an kwantar da mutane da yawa da mummunar faɗuwar suga, aka bincika aka tarar magungunan ƙarfin maza na bogi ne da aka cuɗa da wannan maganin sugan. Ban ce yana sha ba, amma in da akwai a kawo wa likita kwalbar, ba abin kunya ba ne.

Bayan magani sai giya a kan cikin da ba abinci, ciwon hanta mai tsanani, ciwon ƙoda, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da kwinin da ake ba shi, da gazawar wasu 'yan gaɓoɓi da ke saman ƙoda masu yin sinadarin kotisol. Yawancin waɗannan za ki ga mutum a rame yake ko a kwance da ciwo. Mutum mai ƙiba da ke zuwa shago yana ɗinki tsakanin faɗuwa da faɗuwa kamar maigidanki, shi ya fi karkata ga yawan insulin.

Gwajin da ke raba gardama

Nan ne nake so ki fi mayar da hankali, domin nan ne mutane ke asarar kuɗi. Da an ji kalmar ƙari sai a ruga sikanin. Sikanin ciki na yau da kullum da ake shafa man nan a goga a kan tumbi ba kasafai yake ganin insulinoma ba, saboda yawancinsu ba su kai santimita 2 ba, kamar ƙwayar gyaɗa zuwa ɗan goro ƙarami, ga su a bayan tumbi da hanji mai iska. Sai a ce muku ba a ga komai ba ku koma gida da murna alhali abin na nan. Jini ne ke tabbatar da ciwon, hoto aikinsa kawai ya nuna inda yake zaune.

Kuma ba kowane jini ba, sai wanda aka ɗiba a daidai lokacin da sugan ke ƙasa. Insulin da aka gwada da hantsi bayan ya karya kumallo ba ya gaya mana komai. 2.1 ɗin da maƙwabciyarki ta gani babbar shaida ce, amma ƙaramar na'urar yatsa ba ta cika daidai ba in suga ya yi ƙasa sosai, don haka ana buƙatar jinin jijiya a kai lab. Abin da muke nema shi ne suga ƙasa da 3.0 a ma'aunin milimol, wato 55 a ma'aunin miligiram in na'urarku da shi take lissafi, amma a cikin wannan jinin dai a tarar insulin bai sauka ba, yana 3 ko sama a ma'auninsa. A lafiyayye ya kamata a ce ya kusa ɓacewa. Tare da shi ana gwada wani sinadari mai suna si-peptayid wanda fankiriyas ke fitarwa tare da insulin, shi kuma insulin na allura ba ya zuwa da shi. In duka biyun suna sama, daga cikin jiki abin yake fitowa. In insulin na sama shi kuma yana ƙasa, toh wani ya yi masa allura ko ya yi wa kansa. In akwai hali a gwada har da alamar irin su Daonil a jinin.

In abin bai taso da kansa a gaban likita ba, sai a kwantar da shi a yi abin da muke kira azumin awa 72. Sunan ne kawai azumi, ana shan ruwa da abin da ba suga, ana gwada shi duk bayan awa shida, in sugan ya fara sauka a koma duk awa ɗaya ko biyu, da allurar ruwan gulukos a ajiye a gefen gado. Da ya faɗi ya nuna alama sai a ɗebi jinin, a ba shi suga, an gama. Mafi yawan masu insulinoma ba sa kai wa kwana biyu, kuma mutumin da ke faɗuwa kafin la'asar ina kyautata zaton ko yini ɗaya ba zai cika ba. Dan Allah kar ku gwada wannan a gida, ko da nas a kusa.

Wani abu da na koya da wahala: yadda aka riƙe jinin na iya lalata komai. Jinin suga a kwalba mai murfi ruwan toka ake sa shi, in ba haka ba ƙwayoyin jinin su ci gaba da cinye sugan a kan tebur. Na insulin kuma so ake a tace shi da wuri a sa a sanyi, in jinin ya farfashe wurin ɗiba insulin ɗin na lalacewa ya fito ƙasa na ƙarya. Sau da yawa mu a nan sai an aika da shi Abuja ko Legas, shi ya sa nake cewa a shirya da lab tun kafin a fara azumin, kar a wahalar da mutum awa talatin sannan a ce ba ƙanƙara ko mai lab ya tashi. Irin wannan aikin na babban asibiti ne, kamar asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, ku nemi takardar turawa zuwa ga likitan ɓangaren suga.

Bayan jini ya tabbatar, sannan a nemi wurin. Ana farawa da hoton CT ko MRI da ake sa ruwan allura a ɗauka a matakai, kuma a rubuta wa mai hoton ƙarara abin da ake nema, domin ƙarin nan yana haskawa ne cikin 'yan daƙiƙu na farko bayan allurar, in aka ɗauka a makare sai ya saje. In ba a gani ba akwai sikanin da ake zura ta baki zuwa tumbi a leƙa fankiriyas daga kusa, wanda ya fi kama ƙanana, sai dai ba ko'ina ake da shi ba. Ko a tiyata ma ƙwararren likitan fiɗa yana lalube da yatsunsa ya kuma ɗora na'urar sikanin a kan fankiriyas ɗin kai tsaye.

Kansa ce?

Na san wannan ce ta hana ki barci. Kansar fankiriyas da kike jin labarinta, mai sa ido ya yi rawaya mutum ya rame cikin 'yan watanni, daga bututun ruwan narkar da abinci take fitowa, kuma ita mugun ciwo ce. Insulinoma danginta daban. Kusan kashi 90 cikin ɗari ba sa yaɗuwa, guda ɗaya ne, ƙarami, in aka cire shi kuma shikenan mutum ya rabu da abin. Sauran 'yan kaɗan ɗin kan yaɗu zuwa hanta ko kaluluwar ciki, yawanci su ne manya, kuma ko su ɗin suna tafiya a hankali ana kuma da abin yi musu. Hoto da gwajin ƙarin bayan an cire su ne za su faɗa mana nasa wane iri ne. Akwai kuma kamar kashi 5 zuwa 10 da ke zuwa ta gado a cikin wani ciwo da ake kira MEN1, su sukan zo fiye da ɗaya, don haka ki tambayi danginsa ko akwai masu yawan tsakuwar ƙoda, ko gyambon ciki mai taurin kai, ko wanda aka taɓa yi wa aiki a wuya ko a ƙwaƙwalwa saboda ƙari. Likita zai duba sinadarin kalsiyam a jininsa saboda wannan.

Maganinsa na asali tiyata ce, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1929 wani likita Roscoe Graham ya cire irinsa a Toronto ta Kanada mara lafiyar ta warke, shekara takwas kacal bayan gano insulin a wannan garin. In ƙarin na sama sama kuma nesa da babban bututun fankiriyas, ɓare shi kawai ake yi a bar sauran. In yana wutsiya ko ya nutse sai a yanke wannan ɓangaren, wani lokacin har da saifa, in an cire saifa kuma akwai rigakafin da zai karɓa. In yana can cikin kan fankiriyas manne da bututu, shi ne ake babban aikin da ke ɗauke da sunan Whipple ɗin nan, amma ga insulinoma ba kasafai ake kai wa nan ba. Ni ba likitan fiɗa ba ne, su za su zaɓa, amma shawarata ku tambayi wanda zai yi aikin kai tsaye ko ya saba taɓa fankiriyas, ba rashin kunya ba ne. Gaɓa ce mai fushi, matsalar da aka fi gani bayan aiki ita ce ruwanta ya dinga yoyo ta wurin yankan, shi ya sa ake barin roba a ciki na wasu kwanaki, yawanci yana tsayawa da kansa. Kuma in ba a gano inda ƙarin yake ba, ban goyi bayan a yanke wani ɓangare da ka ba. Kar ki tsorata in sugansa ya hau sama na 'yan kwanaki bayan aikin, alama ce mai kyau, lafiyayyun ƙwayoyin da suka daɗe suna barci ne ba su gama farkawa ba. Malamar nan da na ba ki labari, ranar da ta dawo ganin likita bayan aikinta abin da ta fara gaya min shi ne ta yi barci har asuba ba ta tashi cin komai ba.

Ga wanda ake jiran aikinsa, ko wanda jikinsa ba zai ɗauka ba, akwai ƙwayar dayazoksayid da ke rage fitar insulin, tana sa kumburin ƙafa da yawan gashi kuma samunta a nan sai an sha nema. Akwai allurar oktiriyotayid, tana yi wa wasu aiki, wasu kuma ta ƙara saukar musu da sugan, saboda haka a asibiti ake fara ta.

Daga yau zuwa ranar ganin likita

Azumi ya tsaya, na farilla da na nafila, har sai an warware matsalar. Na san zai yi masa nauyi, amma Allah da kansa ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, ya je ya tambayi malaminsa yadda zai yi da ramuwa. Suga da ke daɗewa a ƙasa na iya lalata ƙwaƙwalwa lalacewar da ba ta gyaruwa, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne in abin ya daɗe jiki na daina yin gargaɗi, ba zufa ba karkarwa sai dai kawai a ga mutum a ƙasa. Kar ya tuƙa mota ko mashin, kar ya kulle kansa a banɗaki, kuma yaran shagonsa su san abin da za su yi.

Ya dinga ci kaɗan kaɗan duk bayan awa biyu zuwa uku, abinci mai riƙe ciki irin wake, gwaten acha, tuwon dawa, ƙwai da gyaɗa, ba kayan zaƙi zalla ba, domin su suna ɗaga sugan da sauri su sake shi da sauri. Ya ci wani abu dab da kwanciya, ki kuma sa ƙararrawa a waya wajen ƙarfe biyu ko uku na dare ya ɗan taɓa wani abu. In abin ya taso kuma yana iya haɗiya, ki gwada shi da sauri in na'ura na kusa, sai cokalin shayi huɗu na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo mai suga, a sake gwadawa bayan minti 15, a bi shi da abinci. In ya suma ko yana jijjiga kar a ɗura masa komai, zai iya shaƙewa ya tafi huhu, kar a sa masa cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe, a ɗan shafa zuma a cikin kumatunsa a wuce asibiti mafi kusa, ki ce musu sugansa ne ke faɗuwa a sa masa gulukos ta jijiya, in da hali su ɗebi jini kafin su sa. Maganin farfaɗiyar kuma kar ya yanke shi rana ɗaya da kansa, likita ne zai janye shi a hankali in an tabbatar ba ita ba ce.

Ku sayi na'urar gwada suga taku, ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta rana da lokaci, awa nawa rabonsa da abinci, abin da kika gani, lambar da na'urar ta nuna, da minti nawa ya ɗauka ya dawo bayan kin ba shi suga. In za ki iya ki ɗauki bidiyonsa a waya sau ɗaya yana cikin abin. Ranar zuwa asibiti ki haɗa littafin da duk wani magani da ke gidan a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki kuma sa masa abinci a kula domin layin ganin likita na iya kai ku azahar.